Haƙar gawayin ƙasa da ruwan sha: yadda ake sa ido kan rijiyoyi da idanun ruwa

Gawayin ƙasa, wanda wasu ke kira kwal, yana kwance ne cikin shimfiɗun dutse da galibi ke maƙwabtaka da shimfiɗun da ke riƙe da ruwa. Duk inda aka buɗe ramin gawayi, ruwan da ke ƙarƙashin wurin yakan motsa: ko dai ya ja baya ya yi nisa, ko kuma abin da ke narke cikinsa ya canza. Sa ido kan wannan canji aiki ne mai ƙa'idoji sanannu, kuma babbar ƙa'idarsa ita ce a fara awo tun kafin a fara haƙa. In babu awon farko, ranar da rijiya ta ƙafe ko ruwanta ya yi ɗaci, kamfani zai ce fari ne, mutanen gari su ce mahaƙa ce, kuma babu takardar da za ta raba gardama.

A Nijar batun ya shafi wurare biyu: Anu Araren a jihar Agadas, inda aka shafe fiye da shekaru 40 ana haƙa, da Salkadamna a jihar Tawa, inda ake shirin babban aiki.

Inda gawayin Nijar yake

An kafa kamfanin SONICHAR a 1975 domin haƙar gawayin Anu Araren, kusa da garin Cirozerin, kimanin kilomita 75 daga Agadas. Mahaƙar buɗaɗɗen rami ce: ana yaye ƙasa da dutsen da ke sama har a kai ga gawayin. Tashar lantarkin da ke wurin ta fara aiki a 1981, tana da injuna biyu, kowanne mai ƙarfin megawat 18,8. Ita ce ta daɗe tana ba da wuta ga kamfanonin uraniyom na SOMAIR da COMINAK (wanda aka rufe a ƙarshen watan Maris na 2021), da kuma garuruwan Agadas, Arlit da Cirozerin. Ana kuma sarrafa wani ɓangare na gawayin domin girki a gidaje, da nufin rage saran itace.

Salkadamna kuwa tana yankin Takanamat, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da birnin Tawa. An aza harsashin aikin a watan Yuni na 2014, da niyyar buɗe mahaƙa da gina tashar lantarki mai ƙarfin megawat 600. Aikin ya yi ta jinkiri, amma maganarsa ta sake tasowa da ƙarfi bayan da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar a watan Agusta na 2023, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita daga can take zuwa. Bukatar wuta ta cikin gida a fili take. Abin da ya rage shi ne a san halin da ruwan yankin ke ciki kafin manyan injuna su sauka.

Ruwan da ke ƙarƙashin waɗannan wurare

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba kogi ba ne mai gudu cikin rami. Yana zaune ne cikin ƴan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsagogin dutse, kamar yadda soso ke riƙe ruwa, yana tafiya a hankali ƙwarai, wani wurin ƴan mitoci kaɗan a shekara. Shimfiɗar da ke riƙe da shi ita ake kira taskar ruwa. Idon ruwa, ko marmaro, wuri ne da wannan taska ta haɗu da fuskar ƙasa har ruwan ya ɓuɓɓugo da kansa, kamar na Timiya da na ruwan zafin Tafadek a tsaunukan Ayar.

A arewa akwai taska iri biyu. Ta farko mai kusa ce, cikin yashin ƙoramu, wadda ke cika idan ƙorama ta yi gudu da damina. Da ita masu lambu da makiyaya suka dogara. Ita kanta kalmar "anu" da ke cikin sunan Anu Araren, rijiya take nufi da harshen Tamajak. Ta biyu mai zurfi ce, cikin dutsen yashi na kwarin Tim Mersoyi. Mafi yawan ruwanta ya shiga ƙasa ne tun dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara ke samun ruwan sama sosai. A yankin da ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 150 ba, abin da aka ɗiba daga wannan taska ba ya komawa cikin rayuwar ɗan Adam.

Salkadamna tana cikin babban kwarin Iwillimmidan, wanda taskokin ruwansa suka ratsa Nijar da Mali da Najeriya. Daga cikinsu ne rijiyoyin burtsatse, wato foraji, na garuruwa da dama na Adar da Azawak ke jan ruwa. Yanki ne na noma da kiwo, inda rijiya guda kan shayar da ƙauye da garken dabbobi masu wucewa.

Hanyoyin da haƙa ke taɓa ruwa

Hanya ta farko ita ce janye ruwa. Idan rami ya yi zurfi har ya wuce matakin da ruwa yake, ruwan zai riƙa tsattsafowa cikinsa, dole a sa injuna su riƙa zuƙe shi domin aiki ya yiwu. Wannan zuƙa takan sa matakin ruwan kewaye ya lotsa zuwa wajen ramin, da siffa irin ta mazurari: kusa da rami lotsawar ta fi yawa, tana raguwa da nisa. Rijiyar da ta faɗa cikin da'irar mazurarin za ta yi zurfi, idon ruwa kuma ya rage gudu ko ya tsaya. Tashar lantarki ita ma tana shan ruwa mai yawa, domin da tururi take juya injunanta, kuma a wurin da babu kogi daga rijiyoyin burtsatse ake samo shi.

Hanya ta biyu ita ce tsami. Cikin gawayi da dutsen da ke lulluɓe da shi akan sami wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinariya, wanda masana ke kira pirit, haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutar da kowa. Da zarar an tono shi ya sha iska da ruwa, sai ya ruɓe ya haifar da asid da wani gishiri da ake kira sulfat. Ruwan da ya yi tsami yana narkar da ƙarafan da ke cikin dutse, irin su ƙarfe, manganez, alminiyom da nikel, wani wurin har da arsenik, ya tafi da su. Alamar da ido ke gani ita ce laka ja ko ruwan ɗorawa mai kama da tsatsa a bakin magudana.

Hanya ta uku ita ce juji. Dutsen da aka yaye ana tara shi tsibi-tsibi, tokar da tashar lantarki ta fitar ita ma ana jibge ta, kuma gawayin Anu Araren mai yawan toka ne. Ruwan sama da ya ratsa juji yakan wanke gishiri da ƙarafa ya nutse da su. A ƙasar da ruwan sama bai da yawa ana iya zaton wannan ba matsala ba ce, to amma gishirin yana taruwa ne a kan juji tsawon watannin rani, ruwan farko mai ƙarfi kuma ya kwashe shi gaba ɗaya zuwa ƙorama. Haka nan ruwan da aka zuƙo daga rami, idan aka sake shi cikin fili ba tare da an tace ba, dabbobi za su sha, sauran kuma ya koma cikin taskar da ke kusa.

Ba kowace mahaƙa ke haifar da duka ukun ba. Inda dutsen wurin ke da farar ƙasa da yawa, takan kashe tsamin. Yawan pirit ma ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Shi ya sa ba a yanke hukunci da ka. Awo ne ke nuna abin da ke faruwa a kowane wuri.

Awon farko, kafin a sa diga

Aikin yana farawa da ƙidaya. Ana bin duk rijiyoyi, foraji, idanun ruwa da tabkunan da ke kewaye da filin da za a haƙa, har zuwa nisan da masana suka ƙiyasta mazurarin zai iya kaiwa, da ɗan ƙari. Kowanne ana rubuta inda yake da na'urar GPS, zurfinsa, taskar da yake ja daga ciki, da waɗanda ke amfani da shi. Rijiyoyin makiyaya da ba a amfani da su sai wasu watanni na shekara su ne aka fi mantawa a irin wannan ƙidaya, kuma rijiyar da ba ta cikin rajista da wuya a biya diyyarta.

Bayan ƙidaya sai awo na aƙalla shekara guda cikakkiya, wadda ta haɗa damina da rani. Shekara biyu ta fi, domin damina ba ta zama ɗaya. Dalili shi ne ruwan rijiya yana hawa da sauka da kansa. Wanda ya auna a watan Satumba kawai, sannan ya dawo a watan Mayu, zai ga ruwa ya sauka ko da babu mahaƙa.

Sannan ana haƙa rijiyoyin awo na musamman, ƴan sirara, waɗanda ba a ɗibar ruwan sha cikinsu. Ana jera su ta ɓangaren da ruwan ƙasa ke fitowa kafin ya iso mahaƙa, da ɓangaren da yake nufa bayan ya wuce ta, da gindin juji da wurin zubar da toka, da kuma tsakanin mahaƙa da ƙauye mafi kusa, domin a ga gurɓata tun tana hanya. A wuri guda akan haƙa biyu, gajera da doguwa, saboda taskar sama da ta ƙasa ba lallai su amsa iri ɗaya ba. Ana kuma ware rijiya ɗaya ko biyu can nesa, inda mahaƙa ba za ta taɓa ba, su zama shaida.

Awon farko yana kare kamfani kamar yadda yake kare jama'a, domin wani ruwan tun asali yake da illa. Mutanen Maraɗi ba su manta da Tibiri ba, inda foraji da aka fara amfani da shi a 1985 ya riƙa ba da ruwa garau amma mai ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da kima, har ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa kafin a gane dalilin bayan shekaru kusan 15. Babu mahaƙa a Tibiri; daga dutse sinadarin ya fito. Abin da ya faru can ya nuna cewa kyan gani da daɗin sha ba su isa shaida ba.

Abin da ake aunawa

Na farko shi ne matakin ruwa. Ana zura wani tef mai ma'auni da ke yin ƙara idan bakinsa ya taɓa ruwa, a karanta nisan daga wata alama tsayayya a bakin rijiya. Ana yin haka aƙalla sau ɗaya a wata, da sassafe kafin a fara ja. Akwai kuma ƴan na'urori da ake ratayewa cikin rijiyar awo, suna rubuta matakin da kansu kowace awa.

Na biyu shi ne gudun idon ruwa. Ga ƙaramin ido, bokiti da agogo sun wadatar. Idan bokiti mai lita 20 ya cika cikin daƙiƙa 10, idon na ba da lita 2 a daƙiƙa, wato lita 172.800 a yini da kwana. Idan bayan shekara biyu, a wata iri ɗaya, sai ya ɗauki daƙiƙa 40, to kashi uku cikin huɗu na ruwan ya tafi. Ga babban ido ana gina ɗan shinge mai tsaga, a riƙa karanta tsayin ruwan da ke bi ta tsagar.

Na uku shi ne awon da ake yi nan take a bakin rijiya da na'urar hannu. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 14. 7 ne tsaka-tsaki, ruwan sha kuma ana son ya kasance tsakanin 6,5 da 8,5. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, saboda haka ruwa mai pH 4 ya fi mai pH 7 tsami sau dubu. Akwai kuma awon yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, wanda ke nuna yawan gishirin da ya narke cikinsa. Wannan awo ba shi da tsada, kuma shi ne ke fara nuna cewa wani abu ya canza.

Na huɗu shi ne gwajin ɗakin bincike, galibi sau ɗaya a wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa iyaka ga sinadarai masu cutarwa, a lissafin miligiram cikin lita ɗaya: arsenik 0,01; dalma 0,01; kadmiyom 0,003; nikel 0,07; uraniyom 0,03; fuluwor 1,5. Sulfat yana fara ɓata ɗanɗano daga wajen miligiram 250, idan ya yi yawa sosai kuma yana sa gudawa, musamman ga jarirai da baƙin da ba su saba da ruwan ba. Ƙarfe idan ya wuce 0,3 yana rina tufafi da kwanuka. Cikin duka, sulfat ne masu bincike suka fi bi a kewayen mahaƙar gawayi, saboda yana tafiya da ruwa ba ya maƙalewa, kuma yana nan ko da farar ƙasa ta kashe tsamin. Ruwa na iya nuna pH 7 lafiya lau alhali sulfat ɗinsa ya ninka.

Yadda aka ɗebi ruwan gwaji yana da muhimmanci kamar gwajin kansa. Sai an fara zubar da ruwan da ya kwana cikin bututun rijiya, kimanin ninki uku na abin da bututun ke ɗauka, domin a sami na cikin taska. Kwalbar da za a gwada ƙarafa cikinta ana tace ruwanta a ɗiga mata asid domin kada ƙarafan su kwanta. Ana rubuta wuri da rana da sa'a, a sa cikin sanyi, a kai da wuri. Tsakanin Cirozerin da Yamai tafiya ce ta kusan kilomita dubu, kuma kwalbar da ta yini cikin zafin mota sakamakonta ba abin dogaro ba ne. Inda ake da shakku, ana raba ruwa ɗaya gida biyu a aika wa ɗakunan bincike biyu.

Yadda ake gane mafarin canji

Saukar ruwan rijiya na iya zuwa daga ƙarancin damina, ko daga ƙaruwar injunan ban ruwa a lambuna, ko daga sabon foraji na gari. A nan ne rijiyar shaida ke amfani. Idan ta kusa da mahaƙa da ta nesa sun sauka daidai wa daida, fari ne. Idan ta kusa ta sauka mita biyar, ta tsakiya mita biyu, ta nesa kuma ba ta motsa ba, siffar mazurari ke nan. Domin lissafin ya cika, dole a san yawan ruwan da mahaƙa ke zuƙa, wato a sa kwanta a kan kowane inji, a kuma ajiye ma'aunin ruwan sama a wurin.

Ga gurɓata kuwa, kowace tana da tambarinta. Sulfat tare da ƙarfe da manganez suna nuni ga pirit. Nitrat da ƙwayoyin cuta galibi daga masai da turken dabbobi suke. Fuluwor mai yawa da ke nan tun awon farko daga dutse yake. Masana na kuma iya gane shekarun ruwa ta hanyar wasu sinadarai da ke cikinsa, su bambance wanda ya shiga ƙasa daminar bara da wanda ya shekara dubbai. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA, ta tallafa wa irin wannan bincike a ƙasashen Sahel 13 tsakanin 2012 da 2017, har da kwarin Iwillimmidan.

Awo ba ya da amfani in ba a faɗi tun farko abin da za a yi da shi ba. Tsari mai kyau yana ƙayyade mataki biyu. Na gargaɗi: idan aka kai shi, a sake awo cikin ƴan kwanaki, a nemi dalili. Na ɗaukar mataki: idan aka kai shi, a sanar da hukuma da jama'a, a samar da wani ruwan sha, a gyara abin da ya jawo.

Bayan an rufe mahaƙa

Sau da yawa matsala mafi girma tana zuwa ne bayan aiki ya ƙare. Idan aka kashe injunan zuƙa, ruwa yana dawowa a hankali ya cika rami, ya wanke duk gishirin da pirit ya tara tsawon shekaru, sannan ya nemi mafita.

A Inugu ta Najeriya, inda aka fara haƙar gawayi a wajajen 1916, tsofaffin mahaƙun Onyeama da Okpara da aka yi watsi da su sun ci gaba da tsiyayar da ruwa mai tsami zuwa rafukan yankin, har da kogin Ekulu. A Afirka ta Kudu, a watan Janairu na 2012, ruwan sama mai ƙarfi ya kwaso ruwan mahaƙun gawayi zuwa madatsar da ke shayar da garin Karolina na lardin Mpumalanga. Ma'aunin pH ya faɗi ƙasa da 4, garin ya yi kimanin wata bakwai ruwan pampo bai shawuwa, sai da mazauna suka kai ƙara kotu ta ba da umurnin a kawo musu ruwa. A yankin Ruhr na Jamus an rufe mahaƙar ƙarshe a watan Disamba na 2018, amma har yanzu ana zuƙar ruwan ramukan domin kada ya hau ya haɗu da na sha, kuma an kafa gidauniya ta musamman da za ta riƙa biyan kuɗin aikin ba tare da wa'adi ba.

Darasin ga Nijar shi ne a rubuta tun ranar ba da lasisi wanda zai ci gaba da awo bayan rufewa, na tsawon shekaru nawa, da kuma asusun da za a ajiye kuɗin tun kamfani yana samun riba.

Abin da doka ta tanada

Dokar ruwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Afrilu 2010, ta amince da haƙƙin kowane ɗan ƙasa na samun ruwa, ta kuma ɗora wa mai gurɓatawa nauyin biya. Dokar ranar 14 ga Mayu 2018 ta wajabta binciken tasiri kan muhalli da al'umma kafin manyan ayyuka, tare da jin ra'ayin mutanen da abin ya shafa. Hukumar BNEE ce ke duba rahoton da bin diddigin alƙawuran da ke cikinsa. Dokar ma'adinai ta 5 ga Yuli 2022 ta ɗora wa masu haƙa nauyin gyara wuri bayan sun gama. Ofisoshin ma'aikatar ruwa na jihohi, ɗakin binciken LANSPEX da ke Yamai, da sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Abdu Mumuni suna cikin waɗanda ke da masaniyar wannan aiki.

A ko'ina cikin duniya kamfani ne ke yin mafi yawan awon yau da kullum, domin shi ke da kayan aiki a wurin. Abin da ke sa a yarda da alƙalumansa shi ne wani daban ya riƙa zuwa ba zato ya ɗebi nasa ruwan, a kuma bayyana sakamakon. Rahoton da aka rubuta da Faransanci aka kulle a ofis ba ya isa ga mai rijiya. Ana iya liƙa taƙaitaccen sakamako a ofishin magajin gari, a karanta shi a rediyon karkara da Hausa da Tamajak da Fulatanci. Tun 2006 doka ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa, kuma na'urar awon hannu da horar da mutum biyu ba su fi ƙarfin irin wannan kaso ba.

Abin da mazauna za su iya yi

Masu jan ruwa sun riga kowa sanin rijiyarsu, domin da gaba suke auna igiyar guga. Abin da ya rage shi ne rubutawa. Kwamitin kula da rijiya na iya ajiye littafi guda: ranar farko ta kowane wata, da asuba, a auna daga baki zuwa fuskar ruwa, a rubuta rana da tsawo da sunan wanda ya auna, mai gari ya sa hannu. Littafin shekara uku irin wannan hujja ce da masani zai iya aiki da ita, kuma mutanen kewayen Salkadamna na iya buɗe nasu tun yanzu.

Alamomin da ya kamata a kai rahotonsu ba tare da jinkiri ba sun haɗa da ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe da ba a saba ji ba, jan laka a bakin rijiya ko ƙorama, farin gishiri a kan ƙasar lambu, shuka da ke ƙonewa bayan ban ruwa, da dabbobin da suka ƙi shan ruwan da suka saba sha. Ana kai rahoto a rubuce ga magajin gari da ofishin ma'aikatar ruwa da na muhalli, a riƙe kwafi mai hatimi, a nemi a zo a ɗebi ruwan a gaban shaidu.

Tafasa ruwa ko ɗiga masa jabel yana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai. Ba ya cire sulfat ko arsenik ko fuluwor. Tafasawa ma ƙara tattara su take yi, tunda ruwan ne ke tashi ya bar su. Idan ana zargin rijiya, a koma wata domin sha da girki, musamman ga jarirai da mata masu ciki, har sai sakamakon gwaji ya fito.